Igiyar Shanyar Glenys

Ranar ɗaya ga Disamba da ƙarfe huɗu na yamma, ma'aunin zafin da ke rataye a barandar Desmond Pawlak a garin Whyalla, inda Disamba take tsakiyar lokacin zafi, ya nuna digiri arba'in da uku. A daidai wannan lokaci ne kamfanin da ya mallaki wasan kwamfuta na Tarnholt ya ga ya dace ya saukar da dusar ƙanƙara a cikin wasan.

Des yana zaune gaban kwamfuta daga shi sai gajeren wando, fanka tana hura masa iska mai zafi a ƙeya. Yana kallo duniyar wasan ta yi fari fat. An rataya fitilu ja da kore a ganuwar birnin da dodanni suka ƙone sau uku a bana. An ɗora wa gunkin sarkin matattu jar hula mai tuntu. Mayaƙan da jiya suke sare kawunan juna a bakin gada, yau ga su nan sun sa kayan barewa suna rawa a kasuwa. Kowane ɗayansu kuwa mutum ne baligi a wani ɗaki a wani gari, da yawansu da 'ya'ya, wasu har da jikoki. Bikin Farin Wata ke nan, kuma haka ake yinsa kowace shekara.

Des bai taɓa shiga bikin ba a shekara goma sha ɗaya da ya yi a wasan. Shi ba don wasa ya zo ba tun farko. Matarsa Glenys ce ta ja shi ciki bayan ya yi ritaya daga aikin ba jiragen ƙasa hannu, don ta gaji da ganinsa yana karanta tarihin daulolin da suka rushe yana yi mata sharhi a kan abinci. Ita ta rasu shekara uku da suka wuce. Shi kuma ya ci gaba da shiga kullum da ƙarfe huɗu, ba ya yaƙi, ba ya neman dukiya. Yakan tuƙa ɗan tsohon maharbin da ke wakiltarsa a wasan zuwa tsakar gidan ƙungiyarsu, ya zaunar da shi a kan benci, ya yi awa ɗaya, ya kashe kwamfuta.

Glenys ce ta shirya wannan tsakar gida. Sauran ƙungiyoyi suna da maɓuɓɓugar ruwa ta zinariya da gumakan zakuna. Ita kuwa ta kafa sandar jirgin ruwa a tsakiya, ta gicciya mashi huɗu a samanta, ta zagaye su da zaren kamun kifi, sai ga abin shanya irin mai juyawa da ke bayan kowane gida a unguwarsu. Ta rataya tutocin masarautun da aka ci da yaƙi kamar wanduna. Ta kifa garkuwar jarumi a kan maƙera ta zama wurin gasa nama, ta shafa wa akwatin taska shuɗin fenti ya zama abin sanyaya giya. Kaya sittin da uku ta haɗa, wata biyu tana yi, tana zagin linzamin kwamfuta.

Dokar wasan ita ce, tsakar gida ba ta ɗaukar kaya fiye da ɗari biyu. Wata dokar kuma, kayan wanda aka rufe rajistarsa suna nan inda ya bar su muddin ba a taɓa ba. Ana ɗagawa, sun ɓace har abada. An rufe rajistar Glenys tun watan da aka binne ta.

Yana zaune a bencin sai ya ji murya a abin kunnensa.

“Baba Des, kana nan? Dama kai nake nema.”

Sharelle Doyle ce, shugabar ƙungiya, mai karɓar baƙi a wurin wani likitan haƙori a Toowoomba. A wasan matsafiya ce mai fukafukai, yau kuma ta ƙara da ƙahon barewa mai walƙiya.

“Ina nan, ranki ya daɗe. Ƙahon ya karɓe ki.”

“Bar zolaya. Ka ga sanarwa? Bana gasar adon gida ta duniya ce gaba ɗaya. Na zana komai. Bishiya mai hawa bakwai, da mutum-mutumin ƙanƙara arba'in suna waƙa. Amma ɗari biyun nan cif nake bukata.”

“Kina da ɗari da talatin da bakwai.”

“Haba Baba Des. Ai shekara uku ke nan.”

“Na sani. Ina wurin.”

Wata muryar ta shigo, mai kauri, da ƙarar injin mota a bayanta. Tevita Fonua ne, direban babbar mota, ya tsaya cin abinci a wani wuri a hanyar Dubbo.

“Shugaba, ki bar wa Kawu shanyarsa mana. Me ake ci a gasar ma?”

“Hula,” in ji Des. “Hular da ba ta tare rana.”

“Hula mai fitar da taurari,” Sharelle ta gyara masa. “Da sunan ƙungiya a allon babban birni. Kai Tevita ci abincinka. Ni ba zan yi rigima da kowa ba, al'ada za mu bi. Wanda ya fi tara taurarin ƙanƙara a makon farko, shi ke da tsakar gida har biki ya ƙare. Haka muke yi tun kafin in zama shugaba.”

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyun da suka wuce Tevita ne ya ci, ya jingina 'yar bishiya ɗaya a lungu ya ce ya gama. Bana yana kan hanya mako uku. Sharelle ta san da haka, ta kuma ɗauki hutun kwana biyar daga wurin likitan haƙori.

Taurarin ƙanƙara ba a sayensu, aiki ake yi a samu. Washegari da safe Des ya je wurin wani wada mai jan kumatu a kasuwa ya karɓi aikinsa na farko. Wadan ya ce sai ya sa kayan barewa. Des ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya danna, maharbin da Glenys ta zaɓa masa fuska da hannunta ya tsiro da ƙaho da jan hanci da ƙararrawa a wuya.

Aikin shi ne kai wa wani dodo waina a kan dutse. Dodon ya karɓa ya ce zuciyarsa ta narke, ya ba da tauraro uku. Bayan minti biyar zuciyar ta sake daskarewa, sai a sake kai masa. Des ya kai masa waina sau ɗari da goma sha huɗu a ranar farko. Akwai kuma jifan aljanu da dunƙulen ƙanƙara har su tuba su yi waƙa, da raka wani maraya neman kyanwarsa, marayan da ke tafiya kamar mai ciwon ƙafa yana tsayawa gaban kowace fitila ya ce kai, duniya da kyau take. Mutumin da ya karanta yadda aka ci birane da yunwa da cin amana, ga shi yana bin maraya na bogi a cikin dusar bogi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan madannai.

Amma shekara talatin da takwas a ɗakin ba jirgi hannu sun koya masa abu ɗaya, wato maimaita aiki maras daɗi a kan lokaci ba tare da tunani ba. Ya auna tafiyar dutsen, ya gano idan ya bi ta bayan rumbu zai rage daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya jera ayyukan kamar jadawalin jirage, yana sauka daga wannan wancan yana buɗewa. Yakan fara da ƙarfe shida na safe ya tashi da shida na yamma, da hutun rabin awa na burodi da kifin gwangwani.

Rana ta huɗu Tevita ya leƙo daga wani gidan mai.

“Kawu! Wai kai ne na gani da ƙararrawa a wuya? Wallahi na ɗauki hoto.”

“Ka goge.”

“Ina! Sai na nuna wa matata. Ka juya in ga wutsiyar.”

“Tevita, motarka ba ta da inda za ta ne?”

“Shugaba fa ta ce kana da wani asiri. Ta ce ba yadda za a yi tsoho ya wuce ta.”

“Asirin shi ne ba na tsayawa in yi rawa.”

Sharelle kuwa tana tsayawa. Ba ta iya wuce taron rawa a kasuwa ba ta shiga ba, ba ta iya ganin sabuwar riga ba ta gwada ba. Ranar bakwai da aka rufe ƙirga taurari, Des ya fi ta da tauraro ɗari tara da wani abu. Ya cire kayan barewa, ya koma bencinsa, ya sanar da ƙungiya adon da ya zaɓa na bana, wato babu.

“Ko fitila ɗaya?” in ji Sharelle.

“Ko ɗaya.”

“Mutum talatin da biyu ne a ƙungiyar nan, Des. Ba kai kaɗai ka taɓa rashi ba.”

“Al'ada ce, ranki ya daɗe. Tun kafin ki zama shugaba.”

Ta fita ba sallama. Ya sami kwana tara na shiru. Dusa tana sauka a kan tutocin da ke shanye, tana taruwa a kan garkuwar gashi, shi kuma yana zaune. Ya ɗauka ya gama.

Abin da bai lissafa ba shi ne, al'ada ta ba shi ado, amma takardar shiga gasa a hannun shugaba take. Sharelle ta zauna ta dubi abin da ya rage mata, ta ga ba bishiya ba waƙa, sai matacciya guda ɗaya. Sai ta yi aiki da ita. Ta ɗauki hoton tsakar gidan daga bayan maharbin yana zaune shi kaɗai a benci, ta rubuta shafi guda a kan ƙawarta abar ƙauna Glenys, da yadda ƙungiya gaba ɗaya ta yanke shawarar barin komai yadda yake saboda ita. Sau biyu ta rubuta sunan ba daidai ba. A zamanin da Glenys take raye, Sharelle ta taɓa kiran wurin bola.

Alƙalan gasar suna can wata ƙasa inda ƙanƙarar gaske take zuba a Disamba. Sun duba bishiyoyi masu hawa bakwai har dubu huɗu, idonsu ya gaji. Da suka iso kan wanduna a igiya da tsoho a benci, aka ce wata daga cikinsu har ta yi kuka.

Ranar ashirin da uku ga wata Des ya dawo daga sayen jatan lande rabin kilo, wanda zai ci shi kaɗai ranar Kirsimeti, ya kunna kwamfuta da ƙarfe huɗu. Wasiƙa ce ta fara tare shi, mai zanen ganye a gefe. Kamfani yana taya ƙungiya murnar zama ta ɗaya a duniya. Labarin ya taɓa zuciyar kowa a ofis. Saboda haka an mayar da tsakar gidan wurin tarihi na dindindin, an kulle kowane kaya a inda yake, ba mai iya ɗagawa ko matsarwa har abada. Za a bar shi daidai yadda yake a hoton da ya ci gasa, da dusarsa, rani da damina. An buɗe shi ga dukkan 'yan wasa, mutum hamsin a lokaci guda.

Abin kunnensa ya cika da ihu. Mutum talatin suna magana a tare, kowa da hula mai fitar da taurari.

“Baba Des!” in ji Sharelle. “Ka gani? Yanzu ba wanda zai taɓa mata kaya. Ba abin da kake so ke nan ba? Ko godiya ba za ka yi mini ba?”

Ya tuƙa maharbin zuwa unguwar gidajen ƙungiyoyi. Tun daga kan gada ya ga taron. Bareyi, wadanni, matsafa masu fukafukai, wani ƙato a kan beyar mai jar hula, duk sun yi layi har bayan rumbu. Ta saman katanga yana hango kan abin shanyar. Wani ya hau can ƙoli yana rawa. A ƙasa kuma mutum shida ne a tsaye kan bencin, suna ɗaga kofunan giya ana ɗaukarsu hoto, suna rubuta wa juna cewa abin da ban tausayi.

Ya danna ƙofa. Wani ɗan akwati ya fito a allon: wurin ya cika, kai ne na ɗari huɗu da goma sha biyu, kowane baƙo yana da minti biyar.

“Kawu,” in ji Tevita a hankali, ta layin da ba kowa sai su biyu. “Ni ne na tamanin da takwas. Tun ɗazu na kama. Na so in ba ka wurina, na duba, wai ba a bayarwa.”

“Bar shi.”

“In na shiga zan ture su daga bencin.”

“Ba a turewa, Tevita. Sun kulle komai.”

Wani wada da ke gabansa a layi ya juyo ya dubi maharbin sama da ƙasa, ya rubuta masa cewa kayansa sun yi kama da na tsohon cikin hoton sosai, a ina ya saya? Des ya rubuta masa cewa kyauta aka ba shi. Ya tashi ya sa jatan landen a firij kada zafi ya lalata shi, ya cika kofi da ruwa, ya dawo ya zauna. Lambar ta koma ɗari huɗu da tara.