Gishirin da Ruwa Ya Cinye

Ruwan sama ya shiga sito a ƙarshen mako. Ranar Litinin da safe wata masaniyar duwatsu ta buɗe ƙofa ta tarar da ƙasa a jiƙe, farin gishiri ya bushe a ƙafafun kantoci. Ta daɗe tana kai ƙarar rufin nan, har ta gaji da kaiwa.

A akwatunan da ke sito akwai dutsen da aka ciro daga rijiyar neman mai ɗaya tilo da kamfaninsu ya haƙa a wani kwari, inda tafkin gishiri ya taɓa kwanciya tun kafin a yi mutane. Baƙin dutse ne da gishiri, shimfiɗa kan shimfiɗa. Baƙin shi ke haifar da man fetur. Aikinta ta faɗi a wane zurfi ya fi kyau. Idan rahotonta bai gamsar ba, za a rufe sashensu.

Ta ɗaga murfin akwatin da ta fi sa wa rai. Gishirin ya narke, baƙaƙen gutsattsarin sun zube sun cakuɗe. Ba a gane na sama da na ƙasa.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Innalillahi. Anti, miya muka samu."

"Ba ni da ƙarfin dariya, Dogo."

Ya ɗauki gutsure ya shinshina. "Ji warin mai! Mu jera su da ido mana. Wa zai zo ya duba? Oga ko dutse da gawayi bai bambance ba."

"In sun haƙa inda muka ƙirƙira, suka tarar da wayam fa?"

"Lokacin mun yi ritaya. Ni dai 'ya'yana ba sa cin gaskiya da safe."

Ta zauna a kan wani akwati. Bayanta na ciwo, takalmanta sun jiƙe. Ta san dutsen mai kyau ne. Ta kuma san awo ba tare da zurfi ba aikin banza ne.

"Kawo leda," ta ce.

Suka kwashe gutsattsarin. A kan kowace leda ta rubuta cewa ba a san zurfinsa ba. Dogo ya riƙa miƙa mata ledojin.

Ta wanke hannu, ta hau bene zuwa ofishin Oga. Oga na waya. Ya nuna mata kujera, ta ƙi zama.

"An gama rahoton?" ya tambaya da ya ajiye wayar.

"Ba za a gama ba, ranka ya daɗe. Sauko ka ga rufinka."