Buhun Sima Na Ɗari Da Ashirin

"Hannu kawai za ka sa, Mushe Direkta, nan ƙasa. Ko kwance mutum yake ai shina sa hannu."

Alhaji Moctar ne ke magana, ɗan kwangilar da ya gina sababbin azuzuwa uku na lakwal ɗin ƙauyenmu, gabas da Urafane. Ya tsuguna a bakin katifa da bik na rubutu da takardar karɓar gini a hannu, shaddarsa tana ta ƙara. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon koko, na rasa shiga zan yi ko komawa. Sunana Mardiya, ƙosai nake toyawa a ƙofar lakwal, kuma shekara tara katanga ɗaya ce tsakanina da Direkta Almustapha, shugaban makarantar, wanda ake ce wa Mushe kamar yadda ake girmama malaman boko a wurinmu.

Direkta bai karɓi bik ɗin ba. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, kwanansa huɗu da dawowa daga asibitin Tasawa, inda aka ce ya je gida ya huta. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wata tsohuwar ƙusa.

"Alhaji, ɗauki wagga ka tahi ka karci bangon kilas ɗin tsakiya. In ba ta shiga ba, ka dawo in sa hannu har sau biyu."

"Kai dai ba ka gajiya! Buhu ɗari biyu na aiko, kamar yadda takardar kontara ta ce. Makullin magaza, inda aka ajiye su, hannun wa yake? Hannunka. In sima ya yi ƙaranci a bango, ba ni za a tambaya ba."

"Ɗari da ashirin suka sauka."

"Ina takarda?"

Direkta ya rufe ido. Matarsa Kadijatu, wadda Alhaji Moctar ɗan ƙanin babanta ne, ta ce a hankali, "Malam, don Allah ka sa mishi, mu huta da bakin mutane." Alhaji ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce ran Alhamis ta sama mutanen komisiyo masu binciken gini za su zo daga Tasawa, a gabansu za a san wanda ya ci buhu tamanin. Da zai fita har ya kusa zubar mini da koko, ko sannu bai ce ba.

Ni fa har ranar ban gane kan rigimar nan ba. An yi gini, an shafa fenti, ƙofofi shuɗaye gwanin kyau, amma an garƙame su da kwaɗo, yara suna karatu a rumfar kara awaki na leƙa su. Kamfanin da Alhaji yake wa aiki ma ya buga wani littafi mai sheƙi na ayyukansa na shekara, aka kawo mana ɗaya. A ciki ga hoton azuzuwanmu, ga Direkta tsaye yana murtuke fuska, an rubuta wai an gama an miƙa. To in an miƙa, me ake nema da hannun mara lafiya? In ba a miƙa ba, wa ya ce a buga? Na tambayi mutum uku, na samu amsa huɗu. Abin da na fahimta guda ne: a kasuwar Urafane an fara cewa Direkta ya sayar da siman yara, wato simintin gininsu, shi ya sa Allah ya kama shi ta ƙafa. Mutumin da ko alli ya rage sai ya mayar cikin kwali! Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai.

Washegari Shamsiyya ta zo. Ɗalibar jami'a ce daga Maradi, tana bincike a kan yadda direktoci ke tafiyar da makarantun ƙauye, kuma tun bara take zuwa wurinsa da tambayoyi. Ta zauna a kan tabarma ta buɗe takardunta, tana jin nauyi.

"Baba, saura tambaya guda, in ba ka gaji ba. An ce a zaɓa: kai shugaba ne mai yanke hukunci shi kaɗai, ko mai shawara da jama'a, ko mai barin kowa ya yi yadda ya ga dama?"

Direkta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Babu gidan mai ƙirga buhu?"

"Babu, Baba."

"To bar shi wofi. Amma ran Alhamis ki dawo, ki zauna ki ga komisiyo. Nan ne karatun naki yake." Sai ya juyo wajena. "Maƙwabciya, ajiyata tana nan ko? Ran Laraba a hiddo ta a kakkaɓe."

Na ce, "Tana nan." Amma na san ba haka ba ne.

Ga yadda abin yake. Lokacin da ake ginin, kullum da yamma Direkta yakan bi magina ya tattara takardun buhunan sima da aka juye, kowanne da lambar da ya rubuta masa tun ranar da aka sauke. Da gara ta dame shi a ɗakinsa, sai ya ɗauro su da igiya ya kawo ɗakina na baya, ya ce, "Ajiya ce, Mardiya." Na ji sarai, ba zan yi wa kunnena ƙarya ba. Amma duk mai toya ƙosai ta san babu takardar da ta kai ta sima: ka ɓare fallen ciki mai ƙura ka yar, na waje ya sha mai bai yage ba. Wata biyu ban taɓa ba. Ranar wata kasuwa takarda ta yanke mini, na zaro ɗaya daga ƙasa, na ce buhu wofi wa zai ƙirga? Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora. Daren zuwan Alhaji da na leƙa, igiyar ce kwance da buhu bakwai.

Kwana biyu ina kai koko ina dawowa da maganar a bakina. Ran Asabar da hantsi na tarar Kadijatu ta tafi rijiya, sai na durƙusa.

"Direkta, na ci amana. Buhunan nan… ƙosai na ƙunsa da su. Saura bakwai."

Ya ɗaga ido ya kalli rufin ɗaki. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

"'Yan lakwal suka ci ƙosan?"

"Mafi yawa su ne."

"To sima dai ya koma ga masu shi." Ya yi ɗan murmushi, amma na ga abin ya taɓa shi. "Na so in jera su gaban komisiyo, ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga da idonsu. Nawa na kawo miki, kin sani?"

"Ban ƙirga ba."

"Ɗari da sha tara. Guda na nan wurin da ba mai taɓawa, sai ranar da ba makawa."

"Ina ne, in ɗauko?"

Sai ga motsin Kadijatu da tulu a tsakar gida. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni, ya ja bakinsa ya tsuke. Da ta shigo ya ce mata kokon yau ya yi tsami. Na koma gida ina juya maganar, na kasa gane ko zazzaɓi ne ke magana ko shi. Na ma zarge shi da cewa lallashina kawai yake, don ya ga ina kuka kamar wata yarinya.

Ran Litinin bayan azahar ya cika. Ina cikin wanke wake na ji salatin Kadijatu ta kan katanga, na bar ƙwaryar a nan kaji suka samu rabonsu. Kafin in zagayo mata sun fara cika gidan. Liman Harisu ya aiko daga zaure a miƙo likkafani in akwai, in babu a tafi kasuwa. Kadijatu ta ce akwai, ya tanadi abinsa tun shekarar da ya yi ciwon farko, ya hana kowa buɗe akwatin. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ciro wani ƙunshi da aka ɗaure da zare, ta warware, ta miƙa farin ƙyallen ga ƙanin mamacin. Abin da aka naɗe shi da shi ya faɗi ƙasa, aka yi ta takawa.

Da aka fita da shi na ga har yaran rumfar kara sun jeru a bakin hanya, malamansu a baya. Alhaji Moctar ma yana cikin masu ɗaukar makara, yana share ido da hannun riga, kuma wallahi hawayen gaske ne. Na tsaya ina kallonsa, kaina ya ƙara ɗaurewa. A bayana wata mata ta ce wa 'yar'uwarta ƙasa-ƙasa, "Allah shi gafarta mishi, ya tahi da buhu tamanin a wuya." Na juya zan wanke ta tas, sai na tuna wadda ta cinye shaidar, na haɗiye.

Da yamma ina share tsakar gidan na ga akuyar Kadijatu tana jan wata takarda ruwan ƙasa, har ta cinye kusurwa guda. Na kai mata duka da tsintsiya na ƙwace. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne kawai ya san aikinsa: na ninke na soke a hammata na kai gida, na jefa cikin kwandon takardu.

Ranar sadakar uku ni aka ba toya ƙosan sadaka. Na zauna da asuba na yayyage bakwai ɗin nan da suka rage, don me kuma za su yi wa wani? Suka ƙare, saura mutanen zaure ba a kai musu ba. Na jawo ta hammata, na kama baki zan tsage, har ta fara tsagewa kamar tsawon ɗan yatsa. Sai na ga ba irin sauran ba ce. Su lamba ce kawai a jikinsu. Wannan tana da lamba, ɗaya da biyu da sifiri, waɗannan kam na san su a waya, sannan ga layi uku na rubutu da wani hannu daban, ga wani ƙudundune a ƙasa. Na kai hanci, ƙamshin turaren akwati take yi. Man ya ƙone a kasko ina zaune riƙe da ita.

Shamsiyya ta zo gaisuwa da hantsi, idonta jawur. Na ja ta bayan rumbu na buɗe mata. Ta karanta da Faransanci a ranta, leɓenta na motsi, sannan ta fassara mini.

"An rubuta: 'Na sauke buhu ɗari da ashirin, wannan ne na ƙarshe, babu saura a mota. Ban zo da takardar kaya ba.' Sai kwanan wata, da lambar mota, da sunan direban, Audu. Ya sa hannu. Inna, ina kika samo wannan?"

"Likkafaninshi aka naɗe da ita."

Ta toshe baki da gyale. Sai a lokacin na gane dalilin da ya yi shiru ranar da Kadijatu ta shigo da tulu. Bai so ya sa ta zaɓa tsakanin miji da ɗan'uwa ba, kuma ya san gidan duka wuri ɗaya ne hannu ba ya kaiwa. Ya yi niyyar ya kwance ƙunshin da kansa ran Laraba. To ga Larabar ta zo.

"Ɗiyata, wagga ta isa ta wanke shi?"

"Ban sani ba, Inna. Ba kashe a jiki, wato hatimi, ba takardar hukuma ba ce. Suna iya karɓa, suna iya cewa a nemo Audu, suna iya cewa buhu ne kawai. Kawo in riƙe miki har gobe."

Na bar ta ta ɗauki hoto da waya, gaba da baya, amma ban ba ta ba. Ajiya ce, kuma sau ɗaya ake cin amanar mutum a ce kuskure.

Ran Alhamis na kafa kaskona a ƙofar lakwal tun kafin a buga ƙarfe. An jera kujeru biyar a inuwar itacen bedi, ga teburin Direkta an fito da shi, an aza littafin nan mai sheƙi a kai. Ƙofofin shuɗaye suna nan da kwaɗonsu. Na karɓo ƙusarsa wurin Kadijatu, ta ba ni ba ta tambaye ni dalili ba, na ɗaure a bakin zane. Takardar kuma tana cikin rigata, ninki huɗu, tana sukar fatata duk lokacin da na sunkuya.

Yara suka taso da kuɗinsu. Wata 'yar aji biyu ta miƙo hannu ta ce, "Inna Mardiya, ba takarda?"

"Babu. Tara hannunki."

Na zuba mata uku. Ta tafi tana jefa su daga wannan tafi zuwa wancan tana hurawa, sauran suka bi ta a haka. Can wajen hanyar Urafane aka fara jin ƙugin mota tana fama da yashi. Na rage wuta, na goge man hannuna a zane sosai, yatsa bayan yatsa.