Shatin Yatsa a Man Faransa

Fuskata ba ta san komai ba sai ruwan famfo da sabulun da matata Yamina take wanke tukwane da shi, kuma shekara hamsin da 'yan kai ba ta taɓa kai ƙarata ba. Duk da haka, yau a unguwarmu ta Oran idan ana gardamar man shafawa na Faransa, ni Milud, malamin labarin ƙasa, ni ake kira in raba.

Ɗanmu Ilyas ne ya ga yarinya, Nasrin, aka yi baiko. Maulidi ya ƙarato, kuma dole mu kai mahiba, kwandon kayan kwalliya da gidan saurayi ke kai wa budurwa duk wata sallah har a ɗaura aure. Yarinyar ba ta da matsala. Uwarta ce, Hajiya Zulaiha. Kowa ya san ta taɓa mayar wa wani gida kwandonsu saboda ta shinshina turare ta ce jabu ne, kuma maganar auren ba ta sake tashi ba. Ilyas ya rame. Shi ya sa da hutun makaranta ya zo, Yamina ta ce bana Marsiliya za mu, can Faransa, wurin yayana Kaddur.

Na ɗauka teku za mu kalla. Kantin magani muka kalla.

Akwai wani a kusa da babbar kasuwa, mai koriyar fitila a ƙofa, layinsa har titi. Rabin matan da ke layin da harshen gida suke magana. A nan na gane cewa Bafaranshiya mai hankali ba ta zuwa kantunan da ke da madubi da kafet. A kemis take sayen fuskarta, kusa da maganin tari. Yamina ta ɗauki ruwan goge fuska, manyan robobi biyu da aka ɗaure tare a farashin ɗaya da rabi. Ta ɗauki man kare rana wanda ba ya mai da mutum fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa, da man hannu, da man leɓe, da wani mai kauri a 'yar kwalba da aka ce yana maganin kaushi da ƙuna da komai in ban da halin miji. Sai man gashi mai ƙamshin furanni, da sabulun garin mai launin ganye.

Na ɗaga wani gwangwani na karanta bayansa.

"Yamina, wannan fa ruwa ne."

"Ruwan dutse ne, ana fesawa a fuska."

"Ruwa dai. Mun tsallako teku guda mu sayi ruwa a gwangwani."

"Malam, riƙe kwando aka ce ka yi, ba darasi ba."

Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi dariya ta ce, "Baba, ɗauki biyu, ka fi kowa bukata."

Gaskiya kayan ba su yi tsada ba. A gida, kuɗin ba zai sayi rabinsu ba, kuma rabin ma sai ka yi addu'a. Sai dai Yamina ba ta tsaya a kwandon Nasrin ba. Ta saya wa 'yan'uwanta, da maƙwabta, da wata mata da ba sa magana da ita, don ta ji haushi.

Ranar da za mu hau jirgin ruwa, ta tafi sallama da gwaggonta da hantsi, ta ce in shirya akwatuna. Na zube kayan a kan gadon Kaddur, na tsaya ina kallo. Kwalaye sababbi fil, kowanne da 'yar takardar farashi.

Kaddur ya leƙo da kofin kofi a hannu. "Ƙanena, kanti za ka buɗe? Ɗan kwastan na ganin wannan zai ce fatauci ne. Ko haraji, ko su kwana a wurinsa."

"Yaya, ka manta da wanda kake magana."

Ni ba baƙon teku ba ne. Na san kwastan ba ruwansa da abin da mutum ke amfani da shi, sabo a kwali shi ne abokin gabarsa. Na zare kowace kwalba daga kwalinta. Na ɓare takardun farashi. Na yage ledar da aka liƙe bakin kowace da ita. Sannan, don aiki ya cika, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina luma babban yatsana a tsakiya, yadda duk wanda ya buɗe zai ga an soma. Abin da ya maƙale a yatsan na goga a goshi, don ba na son almubazzaranci. Na cusa su cikin safa da hannun riguna, kwalayen kuma Kaddur ya kai shara. Na rufe akwati ina jin kaina kamar wanda ya gano sabuwar nahiya.

Yamina ba ta ga aikin ba sai a teburin kwastan na Oran. Jami'in ya zuge akwatin, ya zaro safata, kwalba ta faɗo a tafinsa. Ya buɗe, ya ga rami. Ya buɗe ta biyu, rami. Ya ɗago ya dubi goshina da ke ƙyalli.

"Duk wannan na gida ne?"

"Na gida ne, ranka ya daɗe. Muna da bushewar fata, gado ne."

Ya ja alli a jikin akwatin ya ce mu wuce. Na juya don in karɓi yabo. Yamina tana tsaye, bakinta a buɗe, ba abin da ke fita. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin haka ba, kuma na so in daɗe ina kallo.

A cikin tasi maganar ta dawo.

"Ina kwalayen?"

"Suna Faransa, ƙasarsu."

"Milud. Kayan amarya ka sa wa yatsa? Kayan da Hajiya Zulaiha za ta buɗe a gaban mata? Ba kwali, ba leda, ba farashi, me zai nuna ba a bakin titi muka tsinto su ba? Za ta ce ragowar nawa na kai wa 'yarta!"

"Amma ko dinari ba mu biya ba."

Direban ya ƙara sautin rediyo.

A gida Ilyas ya jera kwalaben a tebur ya zauna gabansu kamar mai zaman makoki. Ya ce, "Baba, ko in je kasuwa in sayo na nan masu kwali, mu zubar da na ciki, mu sa namu?" Yamina ta gwada lallashe ramukan da bayan cokali, abin ya ƙara muni a kwalbar farko, ta bari. Ni dai na ce ba wanda zai sa mai na gaskiya a kwalin ƙarya a gidana. Ba wai ina da wata dabara ba ce. Na dai lura cewa mutum in ya daure fuska ya yi magana a hankali, ana ɗauka yana da ita.

Ranar Maulidi muka tafi da la'asar. Yamina ta shimfiɗa farin kyalle a kwando, ta jera kayan tsirara, ta yafa musu ƙyalle mai raga ko zai rufa asiri. Mata suka shige ciki. Mu maza muka zauna a falo da kawun Nasrin, don mahaifinta ya daɗe da rasuwa. Aka kawo shayi da makrud, wani irin alkaki mai dabino da zuma. Ilyas ya riƙe nasa har zumar ta bi masa hannu.

Ana jin hayaniyar mata daga ciki. Sai ta ɗauke ɗif.

Wata mata ta ɗaga labule. "Hajiya na kiran baban ango."

Na miƙe, na gyara kwat ɗina. Ilyas ya rufe ido.

Hajiya Zulaiha tana zaune a tsakiya, ƙaramar mace mai tabarau, kwandon a gabanta, kwalabe a buɗe an jera su. Yamina na gefe tana nazarin kafet. Nasrin ta ɓuya bayan wata gwaggo.

"Malam Milud, wa ya shirya akwatin nan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kawo hannunka."

Na miƙa. Ta kama babban yatsana ta kai shi bakin kwalbar, ta gwada shi da ramin. Ya zauna daram.

"A safa ka sa su ko a takalmi?"

"A safa."

"Wankakkiya?"

"Yawancinsu."

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Hajiya ba ta yi ba. Ta lakato man kaɗan ta murza a bayan hannunta, ta shinshina, ta jira ya shige.

"Da mahaifin yaran nan ya rasu," ta ce, tana duban matan ba ni ba, "da fataucin 'yar jaka na rene su. In hau jirgi in sauka, in hau in sauka, har gwiwata ta ƙi. Ban taɓa shigo da kwali ko ɗaya ba. Ku da kuke son kwali, ku je kasuwa, kwalin can ya fi na Faransa kyau, har zinariya ake zana masa. Abin da ya tsallako ruwa da gaske, tsirara yake isowa, da rami a kansa." Ta rufe kwalbar. "Nasrin, zo ki kwashe kayanki."

Guɗa ta tashi har gilashin taga ya amsa. Na ji wani abu ya faɗi a falo, daga baya aka ce min Ilyas ne ya ture faranti.

Na soma juyawa cikin natsuwa, kamar wanda ya san haka za a yi tun a Marsiliya.

"Ban sallame ka ba," in ji Hajiya. "Wa ya koya maka? Ƙaramin yatsa ake sawa, a gefe, a shafo kaɗan. Kai ka luma babba a tsakiya kamar mai dasa tumatir. Ka cinye wa 'yata kwata guda. Kuma gwangwanin ruwan nan, me ya sa ba nauyi?"

"An yi zafi a jirgi, Hajiya."

"Shi ya sa kake sheƙi. To, baɗi in za ka yi hutu ka biyo ta nan tukuna. Ina da saƙo, kuma zan nuna maka yadda ake yi."

A hanyar gida Ilyas ne ke tuƙi, yana waƙa ba daɗi. Da muka wuce tashar jirgin ƙasa, Yamina ta juyo gare ni.

"Kada ka ce min ka sani."

"Ban ce komai ba."

"Fuskarka tana faɗa."

"Laifin man ne. Ya buɗe ta."

Ta juya wajen taga don kada in ga bakinta. Da muka isa, ta ciro kwalbar da ta ɓata da cokali, wadda ba ta shiga kwando ba, ta ajiye min kusa da rezata. Ina shafawa kullum da safe. Da ƙaramin yatsa, a gefe.