Ƙirgin Wule

Shekarar da fari ya cinye dabbobi, Maina maƙerin ƙauyen Waca ba shi da hira sai ta motar da Turawa suka kai duniyar wata. A radiyo ya ji ta, wai ƙafafunta ba na roba ba ne, na saƙaƙƙiyar waya ne, don robar ƙasa ba ta jure zafi da sanyin can. Mutane suna dariya, shi kuwa abin ya burge shi ainun.

"Sai da suka san halin wurin," in ji shi, "kana suka zaɓi abin da zai taka shi. Wannan ita ce ƙira!"

Ran nan sai ga Hammadu Bafillace ya jawo amalanke da jaki, tayoyin nan biyu ƙayar aduwa ta yi musu kaca-kaca, babu sauran wurin faci. Maina jinin Barebari ne, don haka ya buɗe baki zai yi masa tsiyar wasan da suka saba yi da Fulani. Da ya dubi idon mutumin sai ya haɗiye.

Garken Hammadu duk ya ƙare, saura maraƙa ɗaya, ita ma ta kwanta, ba ta iya tafiya rijiya. In ruwa bai je mata ba, ta tafi.

Maina ya zagaya amalanken yana magana shi kaɗai. Ƙarfen ƙafar tsirara nutsewa zai yi cikin rairayi. Icce zai tsage. Waya kuwa, ina wayar take a Waca? Can idonsa ya faɗa kan wani ƙirgi, busasshiyar fatar saniya, naɗaɗɗe a ƙarƙashin salkunan ruwa.

"Ba ni wancan."

Hammadu ya dafe shi. "Na Wule ne, uwar maraƙar. Mahaifina ya ba ni ita ranar aurena. Ko majemi ban nuna wa ba."

"Na sani, ɗan'uwa. Amma me ya sha ranar ƙasar nan da ƙayarta kamar bayan Wule?"

Hammadu ya shafa ƙirgin. Daga bisani ya janye hannunsa, ya juya baya.

Kai, ranar na so a ce kowa ya ga hannun Maina! Ya jiƙa ƙirgin da ruwan maƙera har ya yi laushi, ya yanka shi zare-zare, ya ware na gadon baya don ya fi kauri. Ya yi wa zaren tufka, ya naɗe ƙarfen ƙafafun da faɗi, ya jingine su a rana. Fata na bushewa tana matsewa, har ta kama ƙarfen tamau.

Washegari suka cika salkuna. Maina ya rufe maƙera ya bi shi, wai gwajin aikinsa za shi, alhali tausayi ne ya hana shi zama. Amalanke ya ratsa rairayi da ƙaya bai tsaya ba.

Suka iske maraƙar kwance gindin gawo, tana numfashi da ƙyar. Hammadu ya zuba ruwa a ƙwarya ya miƙa mata. Ba ta kula ba. Ta miƙa wuya wajen ƙafar amalanken, ta shinshina, ta shiga lasa. Sai da ta lashi uwarta son ranta, sannan ta sa baki a ƙwarya.

Hammadu ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Maina, sarkin surutu, ya duƙa yana duba ɗaurin da babu abin da ya same shi.