Ranar da Nkiru Ta Nome Mini Acca

Fartanya na guda daga gidanmu a Godogodo, sai na tarar da ita tana jirana a ƙofar kwaleji.

A 1973 na shiga ƙaramar kwalejin Littafi Mai Tsarki da ke bayan Kafanchan, don in fito malamar koyar da addinin Kirista. Mu duka ba mu kai ɗari ba. Ranar farko shugabanmu, Rabaran Meshak, ya tara mu a ɗakin sujada ya ce su a nan mutum ɗungurungum suke tarbiyya: kai, zuciya da hannu. Na yi ta gyaɗa kai, ina jin daɗin maganar. Washegari aka miƙa wa kowa Littafi Mai Tsarki da fartanya. Ashe abin da ake nufi da hannu ke nan. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Babana, Tagwai, bai san wannan ba. Shi dai ya gaya wa duk Godogodo cewa 'yarsa Afiniki ta bar gona ta kama biro. Shekara uku ya ba ni, ba ƙari, domin ƙanina na jiran layi.

A shekarar ƙarshe dokar ta fi tsanani. Ana haɗa ɗalibai biyu-biyu a ba su gona ɗaya, kuma ba a yarda kowa daga waje ya sa musu hannu ba. Idan gonar ba ta yi amfani ba, ko kin haddace wasiƙun Bulus kaf, sai kin maimaita shekara. Ni kuwa ba ni da shekarar maimaitawa. Idan gona ta faɗi, takardata ta tafi ke nan.

Sai aka haɗa ni da Nkiru.

Nkiru 'yar direban jirgin ƙasa ce, a kwatas ɗin reluwe ta tashi. Muryarta a waƙar yabo takan sa tsofaffi hawaye, kuma ban taɓa ganin mai kirki irinta ba. Amma ta riƙe fartanya kamar ludayi. Ranar da muka fara share gona saura kaɗan ta sare yatsanta, daga baya saura kaɗan ta sare nawa. Na je wurin Malam Martins, mai kula da aikin gona, na roƙe shi ya canza mini abokiya.

“Afiniki,” ya ce, “wannan shi ne darasin zuciya.”

Na fito ina ƙunƙuni. Zuciyar tawa dai ta kusa fashewa, in darasin ke nan.

Sai na yi dabara. Na zaɓi acca, don ba ta son huɗa ba ta son layi: ki watsa iri, ki ja ƙasa, ki cire ciyawa sau ɗaya, shi ke nan. Na watsa abina ni kaɗai da sassafe, na ce wa Nkiru ta huta, idan lokacin girbi ya yi zan kira ta ta ɗauki dami. Ta ce to. Accar ta fito lif-lif, kore shar, har ina ratsawa ta wurin don kawai in kalla.

A ƙarshen Yuli zazzaɓi ya kwantar da ni, aka kai ni asibiti a cikin gari. Nkiru ta zo dubiya da kunu a kwano, hannayenta duk a naɗe da tsumma. Na tambaye ta me ya same ta, ta yi murmushi ta ce in warke tukuna, akwai abin mamaki da ta shirya mini.

Ranar da na dawo ta ja ni har gona. Na tsaya na duba hagu, na duba dama, na ɗauka mun yi ɓatan hanya. Ƙasa ce ja wur, a share tas kamar tsakar gidan fasto. Nan da can wasu manyan ciyayi masu faɗin ganye na tsaye, an tara wa kowanne ƙasa a gindi da kyau.

“Ina accata?”

“Ga shi nan,” ta ce, tana nuna ciyayin. “Ciyawa ya rufe shi gaba ɗaya, Afiniki, *I swear*. Na cire duka. Ko Asabar ban huta ba.”

Can gefe ga tarin accata, ta bushe, ta fara ruɓewa. Nkiru ta san acca a kwano, ta sha kununta ta ci tuwonta, amma ba ta taɓa ganinta a tsaye a gona ba. Acca kuwa da ciyawa take kama, kowa ya sani. Kowa ban da Nkiru.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na so in yi ihu, na so in shaƙe ta, amma ga hannayenta duk ƙuraje sun fashe. Da ta gane abin da ta yi, ita ta riga ni kuka, har ya zama ni nake ba ta haƙuri. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Malam Martins ya zo ya duba, ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Da ya gama dariyarsa ya ce doka dai doka ce, a watan Nuwamba zai zo ya ga amfani. Lokacin shuka acca ya wuce, na masara ma haka. Abu ɗaya ya rage: dauro, wanda ake dasawa a Agusta. Amma dashe sai wanda ya yi renon iri tun farkon damina, kuma mutum ɗaya na sani da zai ba ni.

Na hau mota zuwa Godogodo kamar mai zuwa kotu. Na tarar da Baba yana wasa galma, na durƙusa na faɗi komai. Ya ajiye galmar.

“Wato shekara uku noma kake yi a wurin?” Hausar Baba ba ta raba mace da namiji.

“Da karatu, Baba.”

“Ka bar gonan ubanka, ka je kana nome na Rabaran.”

Washegari ya ɗaure dashen dauro a bayan keke ya kawo har kwaleji. Na gaya masa an hana a taya mu. Ya ce shi bai zo taya kowa ba, ya nemi kututture a bakin gona ya zauna. Hannu aka hana, ba a hana baki ba.

Ranar nan na sha faɗa. “Afiniki, ramin ya yi zurfi! Afiniki, danne gindin da ƙafa! Wannan layi ne ko hanyan maciji?” Muryar da na hau mota na guje mata, ga ta a tsakiyar kwaleji, ɗalibai suna wucewa suna dariya. Abin haushin, Nkiru ba ya mata tsawa. “Yauwa 'yata, haka, sannu-sannu.” Ita da ta jawo mana masifar! A wannan karon ban ce ta huta ba. Na kama hannunta na nuna mata yadda ake karya kan ganyen a soke a danne, kuma kafin yamma ta fara iyawa, ko da yake layinta ya karkace har girbi.

Daga nan kullum tare muke zuwa. Duk abin da za ta cire sai ta ɗaga ta tambaye ni, “Wannan fa?” Har na gaji da amsawa.

Dauro ya yi. Bai yi na a zo a gani ba, amma ya fid da kai, Malam Martins ya zagaya ya ce mun wuce.

Ranar yaye mu Nkiru ce ta ja waƙa. Aka kira sunana, na karɓi takarda, na duba bencin iyaye ban ga Baba ba. Haushi ya sake turnuƙe ni. Shekara uku ina wahala, mutumin nan ya kasa zama na awa ɗaya? Na fita da takardar a hannu ina nemansa, na same shi a rumfar da muka jera dammunan dauronmu. Ya zaro kai ɗaya yana murzawa a tafin hannu.

“Baba, ga takardar.”

Ya dube ta a juye, ya miƙo mini. “Ajiye da kyau, kada ruwa ya taɓa.”

Ya hure ƙaiƙayin, ya ƙura wa ƙwayar ido. Baba bai taɓa karɓar iri a hannun kowa ba, na kakansa yake shukawa, kuma nasa ne ma ya ba mu. Na buɗe baki zan tuna masa haka, sai ya riga ni.

“Ya fi nawa cika,” ya ce, bai dube ni ba. “In babu damuwa, Malama, ka ɗiba mini iri.”