Makoki a Ƙofar Gidan Alhaji Murtala

Gambo ya sauke tabarmi daga adaidaitarsa, ya shimfiɗa su a ƙofar gidan Alhaji Murtala a Tarauni, ya jera butoci, ya zauna. Ba gidansu ba ne, ba kuma na dangi ba, amma nan ya zaɓa ya yi zaman makokin ƙanensa.

Rami ne ya rufta da Anas a dajin gwamnati na bayan garinsu, inda aka hana haƙar zinariya. Alhaji Murtala ne jami'in da aka ɗora wa sa ido a dajin, kuma kowa a ƙauyen ya san da yardarsa ake haƙa, yana karɓar kasonsa. Da dangi, har da Gambo, suka je wajensa roƙon a kawo motar tono a ciro gawar, bai ma bari sun faɗi sunan mamacin ba. Ya ce daji a rufe yake, babu mai haƙa, shi bai san kowa ba. Har yau Anas na ƙarƙashin ƙasa, ba wanka, ba sallah. Gambo ya tsani mutumin nan, tsanar da ta hana shi cin abinci.

'Yan adaidaitar Gyadi-Gyadi suka zo suka cika tabarmin. Bakano kuwa ba ya ganin makoki ya wuce, sai maƙwabta suka yi ta tsugunnawa.

"Wa aka rasa?"

"Ƙanena," in ji Gambo. Bai ƙara komai ba.

Bayan azahar limamin unguwa ya zo, ya aika a kira mai gidan. Alhaji ya fito yana gyara hula, ya yi ido huɗu da Gambo, ya gane shi. Komawa ciki abin kunya ne, korar masu makoki ta fi muni. Dole ya tsugunna, ya miƙa hannu, baki ya yi abin da ya saba.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Anas."

Gambo ya riƙe hannun gam, ya juya wajen liman. "Malam, tun safe akwai wanda na faɗa wa sunan mamacin?"

Liman ya dubi jama'a. Aka girgiza kai.

"To, Alhaji, tunda ka san shi, ka san inda yake kwance. Faɗa wa Malam, shi zai yi masa sallah."

Alhaji ya yunƙura zai tashi. Gambo bai saki hannun ba.