Burodin Manaja

Ni na sayo wa Baba zomon nan, kuma wallahi ba don ina son zomo ba. Tun da Mama ta rasu, ciwon gwiwa kuma ya sa ya rufe gidan burodinsa, Baba ya dawo ɗakin baya na gidanmu ya kwanta. A kai masa abinci, a ɗauko kwano yadda aka kai shi. Wando har ya fara zame masa daga ƙugu. Likita ya duba ya ce ban da gwiwar babu wani ciwo, amma in bai koma cin abinci ba, ciwon yana hanya. Maigidana ne ya ce a samo masa wani abu mai rai da zai riƙa tashi dominsa.

Ranar da na kawo shi a kwali, Baba ya leƙa ya taɓe baki.

"Auta, wannan na yanka ne?"

"Na zama ne, Baba. Naka ne."

Kafin yamma ya raɗa masa suna Manaja, wai ba ya aikin komai sai ci da murɗa wa mutane hanci.

Mai sayar da zomayen ya ja min kunne, ni ma na zo na ja wa Baba: busasshiyar ciyawa ita ce abincinsa, kada ta yanke a gabansa. Sai ɗan ganye cikin hannu, ruwa mai tsabta, karas kuwa ɗan yanki jefi-jefi. Ban da burodi, ban da biskit, ban da duk abin da aka yi da fulawa. Baba ya damƙi ciyawar, ya shinshina, ya yar.

"Wannan ai shara ce. Tun kafin a haife ki nake bakin tanda, ba wanda ya taɓa wuce ƙofata da yunwa. Yanzu a ce baƙona na cin shara a ɗakina?"

Baba mutum ne da bai iya cewa yana son ka ba. Sai dai ya ɓare burodi, ya cire tsakiyar mai laushi ya miƙa maka, shi ya ci ɓawon. Haka ya yi mana muna yara, haka ya yi wa Mama har ta bar duniya. To, shi ya fara yi wa Manaja. Da safe ya ɗauki sandarsa, ya taka har bakin titi wurin tsohon yaronsa da ya buɗe nasa shagon, ya danna kowane burodi da babban yatsa, ya zagi uku, ya zaɓi ɗaya. Ya dawo ya haɗa shayi. Loma ɗaya bakinsa, loma ɗaya bakin Manaja.

Faɗa kam na yi. Na yi ta zuba har maƙwabta suka haddace. Baba ya yi kunnen uwar shegu da ni, in na matsa ya ce, "Dube shi fa yadda ya yi ɓul-ɓul. Ke da kike cin ganye, ga ki nan kamar tsinken tsintsiya." Da gaske zomon ya yi ƙiba, ciyawa kuwa ko kallonta ya daina yi, sai dai ya kwanta a kai.

Amma Baba ma ya fara cikowa. Kwanon rana ya soma dawowa wayam. Wata safiya ina shirin fita shagon ɗinkina na jiyo shi yana dariya shi kaɗai a ɗaki, irin dariyar nan mai haɗe da tari da na manta yana da ita. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, na ga zomon ya miƙe da ƙafa biyu yana laluben aljihun rigarsa. Daga ranar na ja bakina na yi shiru. Na ce a raina, zomo ne, me ɗan burodi zai yi masa?

Wurin shara na fara ganin alama. Kashin Manaja ya koma ƙanana, busassu, daga baya ma na daina gani. Ya takure a bayan kujera yana cije haƙora. Baba ya miƙa masa burodi ya kau da kai. Maimakon ya kira ni a shago, sai ya saɓa sanda ya je ya wanke tsohon yaronsa tas, wai ya rage man shanu har dabba ta gane. Ya karɓo mai zafi, ya jiƙa a madara, ya zauna a ƙasa da gwiwar nan tasa yana lallashi. Haka na dawo na same su, wuni guda ya tafi.

Washegari muka kai shi asibitin dabbobi, Baba rungume da kwali a cinya. Likitar ta shafa cikin zomon, ta buɗe bakinsa ta haska mana. Haƙoran ciki sun yi tsawo har sun yanke masa harshe. Ta ce ciyawa ce ke goge su, ita ce kuma ke tura abinci a hanji, in babu ita hanjin tsayawa yake yi cak.

"Me yake ci?" ta tambaya.

"Burodi," in ji Baba. "Mai kyau fa. Ni nake zaɓa."

Ta juya wurin zomon. Ta yi masa allura, ta ɗura masa ruwa da sirinji, ta ce mu zauna a benci. Ba mu daɗe ba ta fito tana cire safar hannu, ta ce mu yi haƙuri.

Na ɗauka Baba zai yi masifa, don na san hali. Sai ya dafa sanda ya miƙe, ya cire hularsa.

"Yarinya, ki faɗa min gaskiya. Da ciyawar nan kawai na ba shi, da yana nan?"

Ta dube ni, na yi mata ido, amma ba ta bi ta kaina ba.

"Ina jin da yana nan, Baba."

Ya yi mata godiya har sau biyu. Muka fito bakin titi muna jiran mota, kwalin na hannunsa ya ƙi ba ni. Tausayinsa ya ishe ni, na ce gobe zan sayo wani, na ce ai kwanansa ne ya ƙare, na ce abubuwa da yawa marasa kan gado. Sai ga mota ta tsaya a gabanmu.

"Auta," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Kin san abin da zai faru. Me ya sa kika daina yi min faɗa?"

Direba na ta danna hon. Na riƙe ƙofar motar.

"Na ga kana cin abinci, Baba."